Zaɓen kyamarar fim ɗin 120 ga mazaunin Saudiyya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwa masu sha'awar hoto a Makka, Jidda, Madina da Riyad suka fi yi idan sun yi niyyar barin ƙaramin fim su koma babba. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne: a ƙasar nan lafiyar kyamara da samun wurin wanke fim sun fi sunan kamfani muhimmanci, domin zafi da ƙura da laimar bakin teku ba ruwansu da suna.

Mene ne fim ɗin 120, kuma me ya raba shi da wanda aka saba?

Fim ɗin da aka saba, mai milimita 35, yana ba da dodon hoto na milimita 24 da 36. Na 120 kuwa faɗinsa kusan milimita 61 ne, ba shi da huji a gefe, ba shi da gwangwani. An naɗe shi ne a kan kwarkwaro tare da doguwar takarda a bayansa wadda ke tare haske. Kodak ce ta fito da shi a 1901, kuma lambar 120 suna ne kawai, ba awon faɗi ba. Da yake dodon yana da girma, ba sai an faɗaɗa shi sosai ba kafin a buga babban hoto, shi ya sa fatar fuska da saƙar yadi ke fitowa sumul. Akwai ɗan'uwansa 220 mai ninkin tsawo, amma kusan ya ɓace daga kasuwa. Idan aka tallata maka gidan fim (akwatin bayan kyamara da ake sa fim a ciki) na 220 da araha, dalilin arahar ke nan.

Hoto nawa naɗi ɗaya ke ɗauka?

Ya danganta da kyamarar. Mai 6x4.5, wato girman dodo a santimita, tana ba da 15 ko 16, mai 6x6 tana ba da 12, mai 6x7 kuma 10, mai 6x9 takwas kacal. Dodon 6x6 milimita 56 ne kowane gefe, wato ya ninka na ƙaramin fim fiye da sau uku da rabi. Na 6x7 ya ninka shi kusan sau huɗu da rabi.

Ka yi wannan lissafin kafin komai. Haɗa kuɗin naɗi ɗaya da na wanki da na sikan, ka raba da yawan hotunan. Abin da ya fito shi ne riyal ɗin da ke fita daga aljihunka duk lokacin da ka danna. Wanda wannan lambar za ta hana shi ɗauka a 6x9, gara ya tsaya a 6x4.5 ya riƙa ɗauka hankali kwance.

Iri nawa ne kyamarorin?

Manya dai huɗu ne.

Akwai mai ido biyu, ɗaya a kan ɗaya: na sama na kallo, na ƙasa na ɗauka. Rolleiflex ta Jamus, wadda ta fara fitowa a 1929, ita ce uwar gidan. Sai Yashica Mat-124G, Minolta Autocord da Mamiya C330. Kana riƙe ta a ƙirji kana duba ta sama, ba ta da ƙara, ba ta girgiza. Nakasunta biyu: yawanci ba ta iya matsawa ƙasa da mita ɗaya, kuma idan ka matso kusa abin da idon sama ke gani ba daidai yake da na ƙasa ba, sai ka tarar ka yanke hular mutum. Mamiya C330 da C220 sun fita daban, ana canja masu ido kuma zuga-zuginsu, wato fatar nan mai miƙewa da naɗewa tsakanin ido da jiki, na barin a matso sosai, sai dai nauyi.

Akwai mai ido ɗaya da madubi a ciki, inda abin da ka gani shi za ka samu. Nan ne Hasselblad 500C/M, Mamiya RB67 da RZ67, Bronica, Mamiya 645, Pentax 645 da Pentax 67 suke. Da yawansu ana warwarewa gida-gida: jiki daban, ido daban, gidan fim daban, maleƙa daban.

Akwai mai ma'aunin nisa, wadda ba madubi a cikinta, kamar Mamiya 7 ta 1995 da Fuji GW690. Su ne na tafiya. Sai kuma tsofaffin masu naɗewa irin su Zeiss Ikon Nettar da Agfa Isolette, waɗanda ke shiga aljihun jallabiya. Ka yi hattara da Isolette: an san ta da hujewar zuga-zugi da daskarewar giris ɗin wurin saita nisa.

Kuɗina ba yawa, kuma wannan ce ta farko. Wacce zan saya?

Yashica Mat-124G ko Bronica ETRS ko Mamiya M645. Yashica, wadda aka ƙera daga 1970 zuwa 1986, nauyinta bai wuce kilo ɗaya da ɗan kai ba, tana da ido na milimita 80 f/3.5 (lambar f girman ƙofar haske ce, ƙaramar lamba babbar ƙofa), kuma shotarta, wato abin da ke buɗewa ya rufe idan an danna, ba ta buƙatar batir. Abin da za ta wahalar da kai da shi a makon farko shi ne hoton da kake gani a gilashin sama a juye yake, hagu ta koma dama. Hannu na sabawa.

Idan kana son canja ido daga baya, ɗauki Bronica ETRS da idonta na 75 f/2.8. Ana cire gidan fim ɗinta a tsakiyar naɗi, wato za ka iya riƙe na kala a gida ɗaya, baƙi da fari a wani. M645 ta farko ba ta yin haka, sai 645 Super da 645 Pro. Holga kuwa, mai idon roba, kayan nishaɗi ce. Tana ɗigar haske, kuma ba za ta koya maka awon haske ba.

Hasselblad ta cancanci kuɗinta?

Ta cancanta ga wanda zai iya ɗaukar nauyin gyaranta. Ƙirar Suwidin ce, idanunta na Carl Zeiss ne, 500C ta fito a 1957, 500C/M a 1970, kuma irinta da aka gyara musamman ce 'yan sama jannatin Amurka suka yi hoto da ita a duniyar wata a 1969. Babu batir, kilo ɗaya da rabi ce da ido da gida. Amma shota a cikin kowane ido take, don haka ido uku shota uku ne masu neman gyara.

Tana da ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: kada ka cire ido ko ka ɗaura shi sai jiki da idon duk a ɗane suke. Idan idon ya saki yana waje, akwai tsaga a bayansa, ka juya ta da kwabo ta bin hannun agogo har ta daidaita da jan ɗigo. Wanda ya tilasta ido marar ɗani a jiki, kyamarar ta cije ke nan. Ka kuma duba lambobi ukun ƙarshe na gidan fim ɗinta mai suna A12 su yi daidai da na abin da ke cikinsa, don tare aka daidaita su a masana'anta.

Don hoton mutane, RB67 ko Pentax 67?

Idan a situdiyo ne ko a istiraha wurin walima da fitilun fulash, RB67. Ta fito a 1970, ba batir ko kaɗan, gidan fim ɗinta na juyawa daga kwance zuwa tsaye ba tare da an karkata kyamara ba, kuma da yake shotarta a cikin ido take, fulash na aiki da ita a kowane sauri har 1/400 na daƙiƙa. Nauyinta kusan kilo 2.7 ne, ba a yawo da ita a wuya, ta ƙafa uku ce. Aiki biyu ake yi bayan kowane hoto: ɗana shota, sannan tura fim. Samfurin farko ba ya hana ka manta na biyun, sai hoto biyu su hau dodo ɗaya. Nemi Pro-S ta 1974 ko Pro-SD ta 1990, su suna da kariya.

Pentax 67 kuma ta hasken rana ce, ana riƙe ta a ido kamar ƙaramar kyamara. Idonta na 105 f/2.4 shi ya yi mata suna, yana fito da mutum tar, bayansa ya narke. Amma fulash ɗinta 1/30 ne kawai, madubinta babba ne mai girgiza, kuma idan batir ya mutu madubin na tsayawa a rabin hanya. Nemi mai makullin ɗaga madubi, wato daga 1976 zuwa sama. Wani abin da ke lalata su da yawa: idan ka cire maleƙa mai ma'aunin haske, sai ka fara cire ido, ka mai da maleƙar, sannan idon. Wanda ya saɓa wannan tsarin yana iya tsinke 'yar sarƙar da ke haɗa su.

Mai batir ko marar batir?

Mu dai mun fi karkata ga marar batir. Kamfanonin sun daina ƙera allunan lantarkin waɗannan kyamarori, Bronica ma an rufe babinta tun wajen 2005, don haka idan allo ya ƙone sai a nemo wata matacciya a ciro. Mai sifirin da giya kuwa, mai gyara na wankewa ya sa mai ta tashi. A gefe guda, shotar lantarki ta fi riƙe lokaci daidai, kuma RZ67 ko Pentax 645N mai lafiya za ta yi maka shekaru.

RZ67, Bronica ETRS, M645 da tsohuwar Pentax 6x7 batir mai bolt 6 suke ci, 4LR44. Ba kowane shago ke da shi ba, ka sayi biyu ka ajiye. Ma'aunin hasken Yashica kuwa an gina shi ne kan batirin zaiba mai bolt 1.35 da aka haramta. Na yanzu mai 1.5 yana sa shi ƙarya. Ko ka sa batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675 da ɗan zobe, ko ka manta da shi ka auna da waya.

Ranar nan tamu mai ƙarfi, tana shafar zaɓi?

Ƙwarai, kuma wannan ne abin da masu ba da shawara daga Turai ba sa lissafawa. Yawancin waɗannan kyamarori saurinsu na ƙarshe 1/500 ne, a tsohuwar shota ma sau da yawa ba ya kaiwa. Da fim mai ISO 400 (lambar da ke nuna saurin kama hasken fim) a tsakar rana, 1/500 da f/16 za ka tsaya, a kan farin yashi ko farin marmara har f/22. Ka sayi ido mai f/2.8 da tsada, ga shi ba damar buɗe shi.

Mafita biyu ce. Ta farko fim mai ISO 100 ko kusa da haka: Kodak Ektar 100, Portra 160, Ilford FP4 Plus mai 125, Fomapan 100. Da ISO 100 za ka sauko zuwa 1/500 da f/8. Ta biyu filta mai rage haske, ND8, wadda ke cin mataki uku (kowane mataki na rage rabin haske), sai ka isa f/2.8. Kafin ka sayi kyamara ka bincika ko filtarta na samuwa, domin Yashica da Rolleiflex da Hasselblad ba mai zare suke ɗauka ba, tasu ta murɗawa ce ta musamman. Fim mai 400 kamar Portra 400, Tri-X ko HP5 Plus ka bar shi don lungunan Balad a Jidda, inda dogayen gidaje masu rawashin, wato tagogin katako, ke yin inuwa, ko don bayan la'asar.

Farar jallabiya da baƙar fata a hoto ɗaya, yaya zan auna?

Ma'aunin haske yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin toka-toka. Idan farar jallabiya ta cika masa ido sai ya rage haske, jallabiya ta yi dauɗa-dauɗa, fuska ta nutse. Auna hasken da ke sauka a kan mutumin: riƙe ma'auni mai farin ƙoƙo a ƙarƙashin haɓarsa yana kallon kyamara. Idan ba ka da irinsa, auna jallabiyar ka ƙara mataki biyu. Fim ɗin kala na dodo yana jure ƙarin haske fiye da ƙarancinsa, don haka idan kana shakka, ƙara. Ban da fim ɗin silaid irin Velvia da Ektachrome, su rabin mataki ma na nunawa.

A ina zan saya?

Ana dacewa a shafin Haraj, ko a kasuwar Haraj bin Ƙasim a Riyad da ta Sawarik a Jidda, amma kayan da ya yi shekaru a sito cikin zafi ka ɗauka cewa gyara na jiransa, ka yi ciniki a kan haka. Mafi yawan masu lafiya daga Japan ake odarsu ta eBay, ko daga dillalan da ke gwada kaya su ba da damar mayarwa, kamar KEH a Amurka da Kamerastore a Finlan. Kada yawan alamun yabo a kan talla ya ruɗe ka, karanta bayanin ƙasa inda ake ambaton hazo ko fumfuna. Ka sa harajin kashi 15 cikin 100 da kuɗin jigila a lissafi. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, lissafin ba wuya.

Me zan duba idan tana hannuna?

Ka je da tocila, batir da naɗin fim ɗaya. Buɗe idon gaba ɗaya ka haska ta baya. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, farin hazo yana kashe kaifin hoto, launin bakan gizo a gefe kuma gam ɗin da ke haɗa gilasai ne ya saki, wannan a bar shi. Duba ganyayen ƙofar haske, kada a ga mai a kansu.

Sai shota. Sa ta a daƙiƙa ɗaya ka saurara: ƙarar ta tafi santsi ta tsaya. Idan ta yi jinkiri ko ta maƙale, man ya bushe. Bi kowane sauri sau uku. Buɗe baya ka taɓa soson da ke bakin ƙofa. In ya manne a yatsa kamar kwalta, sai an canja, amma wannan aikin gida ne da tsinke da sifirit da sabon soso. Idan mai zuga-zugi ce, shiga ɗaki mai duhu, miƙe shi duka, sa tocila a ciki ka duba kusurwoyi. Saita nisa a kan abu mai nisa ƙwarai ka ga ko ya yi daidai da alamar ƙarshe. A ƙasan Fuji GW690 akwai maƙirgi, kowace lamba ɗaya hoto goma ne.

Gwajin gaskiya shi ne naɗin farko. Ɗauke shi duka a cikin kwanakin da aka ba ka na mayarwa, ka wanke nan take.

Yaya zan kare ta daga zafi da laima?

Kada ka bar kyamara ko fim a mota. A bazarar Makka waje na haura digiri 45, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa. Giris na narkewa ya gangaro kan ganyayen shota, launin fim ya gurɓata, wani lokaci ma lambobin takardar baya su fito a cikin hoto. Kodak ta ce a ajiye fim ɗin kala a digiri 13 ko ƙasa, wato firiji. Idan ka fito da shi ka ba shi awa ɗaya zuwa biyu kafin ka yage ledarsa.

A Jidda da Dammam abokin gaba laima ce. Fitowa daga ɗakin mukayyif zuwa waje na sa gilashi ya yi gumi nan take, ciki da waje. Bar kyamarar a rufe cikin jaka minti 20 zuwa 30 kafin ka fito da ita. A gida kada ka adana ta cikin jakar fata. Akwati mai rufuwa da ƙwayoyin silika, laimar ciki tsakanin kashi 40 da 50, ya wadatar. A Riyad, Madina da Ula kuwa ƙura ce: hura da famfon roba kafin ka goge gilashi, kada ka canja ido ana iska, kuma ka sa fim a inuwar jikinka.

Zan iya wucewa da fim ta filin jirgi, misali daga Kano ko Yamai zuwa Jidda?

A jakar hannu kawai. Na'urar da ke duba manyan kaya tana ƙona fim. Tsohuwar na'urar jakar hannu ba ta cika cutar da fim mai ƙasa da ISO 800 ba idan wucewar ba ta yi yawa ba, amma sababbi masu CT, irin na'urar hoton asibiti, wucewa ɗaya ta isa ta ɓata shi. Cire naɗin daga kwali, zuba a leda mai gani, ka roƙi jami'i cikin ladabi ya duba da hannu. Kada ka bar fim a cikin kyamara ranar tafiya.

Wankin fa?

Kafin ka biya kuɗin kyamara, tambayi mai wanki abu uku: yana karɓar 120, wane irin wanki yake yi (C-41 na kala, E-6 na silaid, ko baƙi da fari), kuma girman sikan ɗinsa nawa ne. Ƙaramin sikan na zubar da duk ribar babban dodo.

Baƙi da fari ana yinsa a gida da tankin Paterson, wanda ke cin mililita 500 ga naɗi ɗaya. HP5 Plus a ruwan ID-11 da aka sirka ɗaya da ɗaya minti 13 ne a digiri 20. Matsalar ita ce ruwan famfo da ya kwana a tankin saman gida da zafinsa yake saukowa. Sanyaya shi da ƙanƙara, ka auna, kuma duk ruwan da zai taɓa fim ɗin har na ɗauraya su kasance kusa da juna a zafi, in ba haka ba fuskar fim ta yamutse. Idan 20 ta gagara, rage kusan kashi 10 na lokaci ga kowane digiri da ya ƙaru, amma kada ya gaza minti 5, wankin ba zai yi bai ɗaya ba. Ɗauraya ta Ilford ba ta cin ruwa: cika tanki ka juya sau 5 ka zubar, sake cikawa sau 10, sannan sau 20. Na kala kuwa digiri 37.8 yake so, minti 3 da daƙiƙa 15, abin da yanayinmu ya sauƙaƙa.

Naɗin farko ya fito da matsala. Daga ina take?

Jan haske a gefunan fim: naɗin bai matsu ba lokacin cirewa, ko an cire a rana. Riƙe shi gam, ja takardar, liƙe ta. Haske a wuri ɗaya a kowane hoto: soso ko tsagar farantin da ke rufe gidan fim. Hotuna sun hau kan juna: giyar tura fim ta gaji, abin da aka sani da tsofaffin Pentax 6x7 da Kiev ta zamanin Tarayyar Sobiyet. Hoton ƙarshe ya yanke: ba a daidaita kibiyar takarda da alamar farawa ba. Fim fari fat amma rubutun gefe ya fito: haske bai shiga ba, duba murfin ido, musamman a mai ma'aunin nisa inda ba ta cikin ido kake kallo ba. Idan rubutun gefen ma babu, laifin wanki ne. 'Yan alamu kamar jinjirin wata: an lanƙwasa fim wajen sa shi a tanki.

Akwai wurin da ba a ɗauka?

Akwai. Ƙa'idojin ladabin jama'a na 2019 sun hana ɗaukar mutum hoto ba da izininsa ba, kuma ana cin tara a kai. Mata da iyalai musamman, sai an tambaya. Gine-ginen tsaro da na soja a nisance su. A Harami biyu kada ka nufi ƙofa da babbar kyamara da ƙafa uku ba tare da izinin hukuma ba. Mai ido biyu tana jawo masu tambaya a kasuwa, kuma yawanci wanda ya leƙa gilashin samanta ya ga titi a ciki shi da kansa zai ce a ɗauke shi. Karɓi lambarsa ka tura masa hoton idan an wanke.